Allura a Hannun Dama, Jangali a Hannun Hagu

Akwai wata magana da ta zama kamar hadda a bakin 'yan boko, duk inda aka taɓo zancen mulkin Turawa sai ka ji wani ya jawo ta. Wai ko ba komai, ko da Nasara ya ci mu da yaƙi ya ɗora mana haraji, ai shi ne ya kafa dokokin da suka hana annoba ta ƙarasa shanun ƙasar nan, in ba don shi ba da yanzu nagge sai a hoto. Mai faɗin haka yakan ƙara da cewa Fulani ne da duhun kansu suka riƙa gudun allura suna ɓoye dabbobi a daji, shi ya sa aka daɗe ba a ci ƙarfin cutar ba. Ni dai ban karɓi wannan magana ba. Rabinta na farko gaskiya ce da aka datse wa kai da ƙafa, rabinta na biyu kuwa ƙazafi ne tsantsa, kuma abin takaici mu da ake kira masu ilmi mu ne muke ta yayata shi ba tare da mun bincika ba.

Bari mu fara daga inda masu wannan magana ba su son a fara, watau daga inda cutar ta fito. Bushiya, wadda ita ce uwar dukan dokokin nan, ta yi ɓarnarta mafi girma a Afirka ne bayan shekarar 1887, sa'ad da Turawan Italiya suka sauke shanu a tashar jirgin ruwa ta Massawa, a Eritiriya ta yau, domin ciyar da sojojinsu da suka zo cin ƙasa. Daga nan ta kama Habasha, ta yi kudu har ta isa Afirka ta Kudu a 1896, ta kuma yi yamma ta ratso Sudan da ƙasashen Tafkin Chadi ta faɗo mana wajen 1890 zuwa 1891. Saniya takan fara da zazzaɓi, sai hawaye da majina, sai baki ya yi gyambo ta kasa cin ciyawa, sai zawo mai wari, kafin kwana goma ta faɗi. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Makiyaya sun raɗa wa wannan annoba suna "Sannu", don babu abin da mutum zai iya ce wa ɗan'uwansa sai sannu. Ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914, daidai da yunwar Kakalaba, aka kira ta "Gamagari", ta kuma komo a 1919 zuwa 1920.

Ban ce 'yan Italiya sun kawo ta da gangan ba, kuma na san Italiya ba Ingila ba ce. Amma ku lura da abu guda. Gwamna Lugga da kansa, tun yana ƙaramin hafsa a Afirka ta Gabas, ya rubuta a littafinsa na 1893 cewa annobar ta taimaki aikinsu, domin ta karya lagon ƙabilun makiyaya waɗanda da sun tare musu hanya. Mutumin da ya ga amfanin cutar a can shi ne ya aiko rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, shi ne kuma Gwamna Janar na Nijeriya a 1917 lokacin da aka kafa Dokar Cututtukan Dabbobi. To wanda zai gode wa Bature don magani, ya kamata ya fara tambayar jirgin wa ya ɗauko cutar.

Yanzu mu dubi ita kanta dokar ta 1917, da ƙa'idojin da aka yi ta rataya mata daga baya. Abin da suka ƙunsa a taƙaice shi ne, mai dabba in ya ga alamar cuta dole ya ware ta ya kai rahoto ga hukuma. Hukuma tana da ikon ta ce yanki kaza ya kamu, kada dabba ta shiga kada ta fita. Tana da ikon ta sa a kashe dabbar da ta kamu, a binne ko a ƙone mushen. Wanda ya saɓa kuma a ci shi tara ko a ɗaure shi. In ka karanta a takarda babu abin ƙi. An kwaikwayo su ne daga dokokin Ingila, inda bushiya ta shiga a 1865 aka yi dokar kashe shanun da suka kamu a 1866. Sai dai a Ingila masu shanun su ne manyan masu gonaki, da yawansu suna zaune a majalisar da ta yi dokar, saboda haka suka tabbatar an sa diyya a ciki kafin a taɓa musu ko maraƙi. A nan fa? A 1917 babu wani ɗan Arewa ko ɗaya da yake da kujera a wurin da ake yi wa Arewa doka. Gwamna ne kaɗai yake zartarwa, haka kuma aka ci gaba har tsarin mulkin Richards na 1946. An rubuta dokar da Ingilishi, an buga ta a Ikko, aka ce ta hau kan mutumin da yake mashekari a dajin Gwandu ko Adamawa, wanda ko Hausa ba lalle ne ya ji sosai ba. Babu Arɗo ɗaya da ya sa hannu a rubuta ta. Da ɗan gari akan ci gari, amma a nan an yi wa ɗan gari doka ne yana can yana tatsar nono.

Kuma kada wani ya ce ai ba su da abin da za su faɗa ko da an tambaye su. Wannan shi ne ƙazafin da na ambata. Ware marar lafiya daga garke, ƙaurace wa mashayar da garke mai cuta ya sha, sauya hanya in an ji labarin annoba a gaba, duk waɗannan makiyayi ya san su tun kafin a haifi kakan Lugga. Ya san dajin da yake da ƙudan tsando, ya san watan da zai bar shi don gudun sammore. Har rigakafi yana da nasa. Game da ciwon huhu, makiyayan Afirka ta Yamma sun daɗe suna yankar ɗan ƙaramin yanki na huhun saniyar da cutar ta kashe, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya su cusa shi, wurin ya kumbura ya warke, saniyar ta sami kariya. Wani lokaci wurin yakan bar wani tsiro mai tauri kamar ƙaho. Kun san abin da ya faru? A shekarun 1880 wani masanin dabbobi Bafaranshe mai suna Rochebrune ya ga irin waɗannan ƙoƙunan kai daga Senegal, sai ya sanar wa duniya cewa ya gano sabon irin shanu masu ƙaho uku, har ya raɗa musu suna da Latin! Makiyayi yana aikin likita, masani yana ƙirga ƙaho. To a tsakanin mutanen nan biyu wane ne mai duhun kai?

In haka ne, me ya sa suka yi gudun hukuma? Ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, rahoton da doka ta ce a kai, wurin wa za a kai shi? Likitocin dabbobi Turawa 'yan ƙalilan ne a faɗin Arewa duka, saboda haka rahoto yana bi ne ta hannun dagaci da hakimi, daga nan zuwa En'e da Di'o. Su wane ne kuma masu karɓar jangali? Su ɗin ne dai, dagaci da hakimi da dogarawansu. Jangali ya girmi zuwan Turawa, wannan gaskiya ne, amma Turawa ne suka mai da shi kuɗi tsaba a kan kowane kan saniya, ana bi ruga ruga da damina ana ƙirgawa ana rubutawa a littafi, ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙofofin shigar kuɗi na Baitulmali, wanda daga cikinsa ake biyan albashin hakimin da ya zo ƙirgar. Yanzu ka sa kanka a matsayin mai garke. Saniyarka ɗaya ta fara hawaye. In ka kai rahoto, za a zo a ga yawan shanunka na gaskiya, a tsare ka wuri guda ko da ciyawa ta ƙare ko rafi ya ƙafe, wataƙila a kashe maka wasu, bana kuma jangalinka ya hau. In ka yi shiru ka kaɗa garkenka da dare ka tsallaka wata gunduma, wataƙila ka tsira da rabi. Wane mai hankali ne zai zaɓi na farko? Dokar da aka yi don ta tsayar da shanu wuri guda, ita ce da kanta ta ba mai shanu dalilin gudu, gudun nan kuwa shi ne ƙafar da cuta take tafiya da ita. Wanda ya haɗa allura da littafin jangali a hannun mutum ɗaya shi ya kamata a tuhuma.

Sannan ita allurar ta farko ba irin wadda muka sani ba ce. An kafa sashen kula da dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Farko, aka mai da ɗakin bincikensa Vom a 1924 domin yin ruwan maganin bushiya. Hanyar da aka bi a shekarun farko ita ce a yi wa saniya allura biyu a lokaci guda, ɗaya ta jinin da yake ɗauke da cutar da ranta, ɗaya ta ruwan jinin dabbar da ta warke. Saniyar sai ta yi cutar sama-sama, in ta tashi ba ta ƙara kamuwa har ta mutu. Dabara ce mai kyau a zamaninta. Amma saniyar da aka yi wa haka tana iya harbin wasu, shi ya sa ake tara garkuna a sansani a tsare su na makonni. Wasu shanun allurar ce take kashe su, musamman raunana, kuma jinin da ake ɗiba daga wata dabba a zuba wa wata yana iya ɗauko wasu cututtukan jini ya raba wa garke. Mutum ya kawo shanunsa lafiya lau, ya ga an sa musu cuta da hannu, ya binne wasu, ya koma da sauran an san adadinsu. In ya yi ɗari-ɗari baɗi, wannan hankali ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Abin da masu zargi ba su faɗa shi ne, duk da haka, da makiyaya suka ga shanun da aka yi wa allura suna tsayawa a tsakiyar annoba, da ƙafarsu suka riƙa kawo garkuna, musamman da aka sami maganin da aka raunana ƙwayarsa a jikin awaki wanda bai kai na farko haɗari ba. Mutanen da aka ce ba su san amfanin magani ba, ga su suna bin sa da zarar sun ga aikinsa da idonsu.

Akwai kuma ƙa'idojin shanun fatauci, waɗanda a ganina su ne suka fi tona asirin inda zuciyar hukuma take. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Shanun Arewa da na ƙasar Faransi, watau Nijar da Chadi, su ne naman Ikko da Ibadan da ma'aikatan haƙar kuza a Jos, kiraga da fatu kuma suna cikin manyan kayan da kamfanonin Turawa suke fitarwa. Saboda haka aka tsara hanyoyin da shanun fatake za su bi zuwa Kurmi, aka kafa tashoshin dubawa a kansu da bakin iyaka, aka ce sai da takardar izini za a wuce. Aka zuba malamai a kasuwanni suna koya wa mahauta yadda za su feɗe ba tare da wuƙa ta huda fata ba, da yadda za a shanya ta a inuwa. Ban ce waɗannan ba su da amfani ba. Amma ku dubi inda aka zuba ƙarfi. Saniyar da take kan hanyar zama kuɗi an san hanyarta, an san tasharta, an san takardarta. Saniyar da take ba 'ya'yan makiyayi nono kuwa, babban abin da hukuma ta damu da shi game da ita shi ne ta rayu har damina a ƙirga ta. Ita iyakar ma da ake tsare shanu a kanta, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta yanke hanyoyin kiwon da aka gada kaka da kakanni. Dare ɗaya mutumin da yake bin ruwa da ciyawa kamar yadda ubansa ya yi ya wayi gari yana mai keta doka.

Mu nan ma da sauƙi. A kudancin Afirka, inda Turawa 'yan kaka-gida suke da nasu garkunan da za a kare, dokar ta fito da haƙoranta a fili. A 1896 jami'ai suka riƙa harbe shanun baƙar fata da sunan tare annoba, har da masu lafiya, abin da ya ƙara rura wutar tawayen Ndebele a Rodeshiya, ya kuma tayar da yaƙin Langeberg a ƙasar Tswana. Gwamnatin Kef ta ja shingen waya mai ƙaya na ɗaruruwan mil a bakin Kogin Orange, bushiya ta tsallake shi a 1897 kamar babu.

Yabon gwani ya zama dole, kuma ba zan hana shi ba. Ma'aikatan Vom, Turawa da 'yan ƙasa, sun yi aiki na gaske, haka malaman allura da suka yi ta yawo a kan doki da keke cikin rana. Shanu sun ƙaru a zamanin, babu mai musun wannan. Amma a bambanta aikin masu bincike da tsarin masu mulki. Ilmin ne ya ceci shanu, dokar kuwa sau da yawa tarnaƙi ta zame masa. Kuma mulkin da ya shekara kusan sittin a Arewa ya tafi a 1960 bushiya tana nan daram, bai kuma bar mana ko tsangaya ɗaya mai ba da digirin likitan dabbobi ba. Sai bayan 'yancin kai aka buɗe su a Ibadan da Zariya.

To amma haushina bai tsaya kan Bature ba, don shi ya tafi. Mu da muka gaje shi me muka yi? Dokar 1917 ta zauna a littattafanmu har 1988 kafin gwamnatin soja ta maye gurbinta, shekara 28 bayan an sauke tutar Ingila. Jangali ya ci gaba a hannunmu, a Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi tare da haraji. Mun gaji takarda, mun gaji hatimi, mun kuma gaji kallon da Di'o yake yi wa makiyayi, na mai laifin da ba a kai ga kamawa ba tukuna. A 1962 aka fara babban gangamin allura na haɗin gwiwa a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, da taimakon kuɗi daga Turai da Amurka, daga baya aka koma amfani da maganin da Walter Plowright ya haɗa a Kenya, wanda allura ɗaya take kare saniya har iyakar ranta. Ana yi wa saniya allura a huda mata kunne don shaida. Aka yi nasara ƙwarai, gangamin ya bazu zuwa wasu ƙasashe har 1976. Daga nan sai gwamnatocinmu suka miƙe ƙafa. Sharaɗin shi ne a ci gaba da yi wa maruƙan da ake haifa kowace shekara, a kuma sa ido. Ba a yi ba, alhali lokacin ne kuɗin man fetur ya fi yawa a hannunmu. Cutar ta laɓe a Mali da kudancin Sudan, ta taso ta gabas da yamma ta haɗe a kanmu a 1983, ta kashe shanu dubu ɗaruruwa. Wannan karon babu Lugga da za a ɗora wa. Makiyaya ne suka yi ta neman allura ido rufe, maganin bai wadata ba. Ina masu cewa Bafillace ba ya son allura? A 1983 wa ya guje wa wa?

Yadda aka ƙare da bushiya a duniya ma ya isa ya rufe bakin masu wannan magana. An sake sabon gangami na Afirka a 1986, amma cutar ta maƙale a wuraren da motar gwamnati ba ta zuwa, kamar yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan inda ake yaƙi. Abin da ya karya ta a can abu biyu ne. Na ɗaya, an gyara maganin Plowright yadda zai jure zafi na makonni ba tare da firiji ba. Na biyu, aka ɗauki makiyaya waɗanda jama'arsu suka zaɓa, aka koya musu allura, aka danƙa musu maganin suka shiga da shi daji a ƙafa da kan raƙumi. Likitoci kuma suka koyi zama a ƙarƙashin itace suna tambayar dattawan makiyaya ina cutar ta ɓulla, yaushe, ta wace hanya ta bi, suna ɗora taswirarsu a kan amsar. An ga bushiya ta ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka sanar cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, cuta ta biyu ke nan bayan agana. Mutanen da dokokin mulkin mallaka suka ɗauka a matsayin abin tsarewa da cin tara, irinsu ne suka kai allurar inda ta ƙarasa aikin.

Ciwon huhu yana nan cikin garkunanmu har yau, sammore ma haka, kuma a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe su ne za su rubuta ƙa'idojin yaƙi da su. Ga masu cewa gudun allura jahilcin Fulani ne, ina da tambaya biyu da nake so su amsa a fitowa ta gaba: in su ne masu garken a 1930, da hakimi mai littafin jangali a tsaye a ƙofar sansanin allura, shanu nawa za su kai? Kuma a cikin kwamitocin da suke tsara dokokin dabbobi a jihohinmu, su lissafa mana Arɗo nawa ne suke zaune a teburin.